Zama a Tawa ko tahiya Yamai buga balo?

Ƙanena na buga balo a ƙaramar ekip nan Tawa, yanzu ya ce Yamai zai tahi, shi ne na zamna na auna mai abin.

In ya tsaya gida yana cin tuwon gidanmu, da safe ya yi kabu-kabu, da marece ya je antirenma, kuma duk mach ana saka shi. Amma albashi babu, sai ɗan abin da aka raba in an ci wasa, kuma wa zai zo Tawa neman ɗan wasa?

Yamai kuwa can ne idon mutane yake, can FENIFOOT, hukumar balo ta ƙasa, take da ekip irin su AS FAN, Sahel SC, AS Douanes, kuma daga AS FAN ɗin ɗan wasa Moussa Maazou ya wuce ekip ta Lokeren can Beljiyam a 2008. Saidai kuɗin haya da abinci na kanka, yara sun yi yawa, kana iya shekara guda kan benci, in gwiwa ta goce kuma babu kwantara a rubuce to wallahi kai da iyayenka ne.

Ni dai na ce mai ya tahi, shekarunshi 19 ne, amma sai an sa hannu a takarda na gani da idona.