Alawus ɗin mota ko motar haya ta wurin aiki: amsa ga ɗan'uwan da ya yi karayar arziki a Ingila

Ƙanena, na ga tambayarka a zaure, kuma da yake ba kai kaɗai wannan hali ya shafa ba, na ga gara in amsa inda kowa zai gani. Ga waɗanda ba su karanta ba: ɗan'uwanmu ne a Birmingham, wata takwas ke nan da hukuma ta ayyana karayar arzikinsa bayan bashin shago ya yi masa katutu. Allah Ya buɗa masa, ya samu aikin da ake yawan zirga-zirga, sai kamfanin ya ba shi zaɓi: ko a riƙa ƙara masa fam 400 a wata a matsayin alawus ya nemi mota da kansa, ko ya shiga tsarin hayar mota ta hannun kamfani, a riƙa yankar kuɗin daga albashinsa kafin a cire haraji. Wanne zai ɗauka?

A halin da kake ciki, motar wurin aiki ta fi maka, muddin mai lantarki ce kuma kana ganin za ka daɗe a aikin. Amma ka san inda kake tsaye tukuna, don shi ne ya sa hukuncinka ya bambanta da na abokan aikinka.

A Ingila da Wales ana sallamar wanda ya karye, wato a cire masa takunkumin karayar, bayan wata 12, saura maka wata huɗu ke nan. Kafin sallamar, doka ta hana ka cin bashin da ya haura fam 500 ba tare da ka gaya wa mai ba ka bashin halinka ba, kuma ɓoyewa laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Bayan sallama ma tabon ba ya gogewa nan take: zai zauna a tarihin bashinka a wurin kamfanonin ajiye tarihin bashi, Experian da Equifax da TransUnion, har shekara shida daga ranar da aka yanke hukuncin. Duk mai sayar da mota bashi can yake fara leƙawa.

To, mu ɗauki alawus. Fam 400 ɗin nan ba za ta iso aljihunka a cike ba, domin a idon hukumar haraji ta HMRC albashi ce kamar sauran. Idan albashinka yana tsakanin fam 12,570 da 50,270 a shekara, za a cire kashi 20 na haraji da kashi 8 na inshorar ƙasa, ya rage maka fam 288. A cikinta za ka nemo motar, ka biya inshora, harajin hanya, gwajin lafiyar mota na shekara-shekara (MOT), taya, bakanike. Inshorar motar ma ba ta gama-gari ba ce, sai wadda ta haɗa da tuƙi don aiki, kuma biyanta wata-wata shi ma bashi ne da ake duba tarihin mutum kafin a amince. Wasu kamfanonin inshora har tambaya suke yi ko ka taɓa karyewa, kuma dole ka faɗi gaskiya, in ba haka ba ranar haɗari su ƙi biya.

Abin da ya fi damuna a hanyar alawus shi ne daga ina motar za ta fito. Manyan kamfanonin haya da masu ba da mota bashi ba za su kalle ka ba a yanzu. Waɗanda za su yi maka maraba su ne masu tallan cewa ba ruwansu da tarihin bashinka, kuma ruwan da suke ɗorawa shi ne ladan wannan marabar. Ka fito daga rami ne, ƙanena, da ƙyar da jiɓin goshi. Ka sa hannu a takardar shekara huɗu ko biyar mai kuɗin ruwa, ka koma bakin ramin nan da ƙafarka. Ga kuma maganar riba, wadda ni da kai mun san matsayinta a addini. Idan alawus ɗin bashin ruwa zai kai ka, ka bar shi.

Alawus yana da kyau a wuri guda: in za ka iya sayen ƙaramar mota kuɗi hannu. A nan motar taka ce, in aikin ya ƙare ka tafi da abarka. Ga kuɗin mil: a shekarar haraji ta 2025/26 kamfani yana iya biyanka pens 45 a kowane mil na aiki ba haraji har mil 10,000 na farko, pens 25 bayan nan, in kuma ya biya ƙasa da haka kana iya neman rangwamen haraji a kan giɓin. Mai yawan tafiya da tsohuwar mota mai lafiya yana cin moriyar wannan sosai. Sai dai ka karanta sharuɗɗan alawus ɗin, don kamfanoni da yawa suna ƙayyade shekarun motar da za su yarda da ita. Kuma kai ɗan Birmingham ne: motar dizal da ba ta kai matakin tsaftar hayaƙi na Euro 6 ba, ko ta fetur da ba ta kai Euro 4 ba, fam 8 take biya duk ranar da ta shiga tsakiyar gari. A Landan fam 12.50 ce.

Na san wani zai ce a sa ka a adashe ka yi kwasar farko. Niyya ce mai kyau, amma kwasar farko bashi ce a haƙiƙa, sai ka gaya wa 'yan adashen halinka. Sannan duk dukiyar da ta shigo hannunka kafin sallama, dole ka sanar da jami'in da ke riƙe da shari'arka, wanda ake kira Official Receiver, cikin kwana 21. Yana iya barin maka mota mai matsakaicin kuɗi in aikinka ba ya yiwuwa sai da ita, yana kuma iya karɓe mai tsada. In sayen za ka yi, wata huɗu ba su da yawa, ka jira sallamar.

Yanzu motar wurin aiki. Ƙarfinta duka yana cikin wanda ya sa hannu. Kamfaninku ne yake hayar motar daga mai ba da haya, shi ake duba wa tarihin bashi, shi ya sa galibin waɗannan tsare-tsare ba sa bincikar ma'aikaci. Ka tambayi ofishin ma'aikata a rubuce don ka tabbatar da naku haka yake. Motar ba taka ba ce, saboda haka ba ta cikin dukiyar da jami'in zai iya sayarwa. Yawanci kuɗin da ake yanka ya haɗa inshora da gyara da taya da jan mota in ta mutu a hanya. Mutumin da ba shi da ajiya, kuma ba zai iya ranto fam 800 ba ranar da giyar mota ta lalace, wannan ba ƙaramar kariya ba ce gare shi. Kuma haya ce zalla, ka biya ka hau ka mayar, ba bashi mai haihuwa ba.

Harajinta ya danganta da irin motar, kuma a nan mutane ke faɗawa. Hukuma tana ɗaukar motar kamfani a matsayin wata moriya, ta ɗauki wani kaso na farashinta ta ƙara a kan kuɗin shigarka. Mai lantarki kashi 3 ne a 2025/26, kashi 4 a 2026/27, kashi 5 a 2027/28. Ta fetur ko dizal kuwa tana iya kai wa kashi 37. A misali, ga mai biyan harajin kashi 20, motar lantarki ta fam 30,000 a kan kashi 3 fam 900 ke nan, harajinta fam 180 a shekara, wato fam 15 a wata. Ta fetur mai fam 25,000 da ta faɗa a kashi 30, harajinta fam 125 ne duk wata. Bugu da ƙari, tun Afrilun 2017 an cire rangwamen yankan albashi daga duk motar da hayaƙinta ya wuce giram 75 a kilomita. Don haka in ka ji ana yabon tsarin nan, motar lantarki ake nufi. In kana da inda za ka yi caji a gida, madalla. In a bene kake ba wurin ajiye mota, ka lissafa kuɗin cajin kan titi da kyau, don ya fi na gida tsada nesa ba kusa ba.

Illarta babba ita ce ta ɗaure ka da aikin. Yarjejeniyar takan ɗauki shekara biyu zuwa huɗu, kuma in ka ajiye aiki a tsakiya ana iya bin ka kuɗin karya yarjejeniya. Wasu tsare-tsaren suna da kariya daga wannan, wasu kariyar ba ta fara aiki sai bayan wasu watanni. Kai da ka shiga aikin jiya-jiya, ka karanta wannan sashe sau biyu, domin bashin da ka ci bayan hukunci ba ya cikin wanda sallama ke shafewa. Yankan kuma ba zai yiwu ba in zai sauke albashinka ƙasa da mafi ƙarancin albashi na doka, kuma yana iya rage abin da ake zuba maka a fansho. 'Yan'uwanmu ma'aikatan hukumar lafiya ta NHS su lura da wannan musamman. A ƙarshen wa'adi kuma ka miƙa makulli, ba ka da mota.

Saura abin da ya hau kan zaɓin biyu duka. Sabon aiki ƙarin kuɗin shiga ne, dole ka sanar da jami'in. In ya ga kana da rara bayan buƙatun gida, zai sa ka a yarjejeniyar biyan wani abu duk wata har shekara uku, ko da an sallame ka a tsakiya. Alawus yana shiga lissafin kuɗin shigarka, sai ka kawo shaidar abin da motar ke ci. Yankan albashi kuma yana rage rarar da masu binka bashi za su samu, saboda haka in ka zaɓo motar alfarma yana iya ƙin amincewa da dukan kuɗin. Ka zaɓi mafi ƙanƙanta a jerin da za ta yi maka aikin, ka aika masa da lissafin kafin ka sa hannu, ka ajiye amsarsa a rubuce. Ƙungiyoyin ba da shawara kan bashi, StepChange da National Debtline da Citizens Advice, duk suna duba irin wannan lissafi kyauta. Masu zama a Scotland kuma, dokarku da matakan harajinku daban suke, kada ku ɗauki alƙaluman nan kai tsaye.

Ka turo mini takardar tsarin motar ta kamfaninku a gefe, musamman shafin da ya yi maganar barin aiki kafin wa'adi, mu duba tare bayan Isha'i.