Yaya, a daina shafa wa karen nan baƙin mai

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya jikin Hajiya? Hoton karen gidan gona da ka turo min ya hana ni sukuni tun shekaranjiya. Kunnuwansa dam da kaska kamar an watsa wake, ga baƙin mai an damɓara masa a gadon baya har gashin wurin ya fara zuba. Ka ce mai gadi ne ya yi. Ban ga laifinsa ba, mu ma haka muka taso muka tarar ana yi. Amma bari ka ji yadda abin yake a nan Ingila, don ni ma sai da ƙuma ta shigo min gida na koya.

Ka tuna magen da yara suka matsa na karɓo musu bara? Ana tsakiyar sanyi ta kama susa ba dare ba rana, autarmu kuma ƙafafunta duk jajayen ƙuraje. Na zaci sanyin Landan ba zai bar ƙwaro ya rayu ba, ashe ɗumin ɗaki da kafet su ne gidan ƙuma. Da muka je asibitin dabbobi, likitar ba ta ce komai ba sai da ta ɗora magen a sikeli. Sannan ta sa mataji mai ƙananan haƙora ta taje gindin wutsiyar, ta karkaɗe abin da ya fito a kan farar takarda mai danshi. Baƙaƙen ɗigo ne kamar garin masoro. Muna kallo suka narke suka koma ja. Kashin ƙuma ne, wato jinin magen da ta sha.

A wurinta na ji cewa ƙumar da ake gani a jikin dabba kusan kashi 5 ce kawai cikin 100. Sauran ƙwai ne da 'yan tsutsotsi a kafet da ƙarƙashin kujeru da wurin kwanciyarta, kuma mace ɗaya kan iya zuba ƙwai har 50 a rana. Saboda haka gidan ma sai an yi masa magani: shimfiɗa a wanke ta da ruwa mai zafin digiri 60, injin shara kullum, ga feshi. Kusan wata uku muka yi kafin mu rabu da ita. An haɗa mana da maganin tsutsar ciki, don idan mage tana lasar jikinta ta haɗiye ƙuma, ta nan tsila ke shiga cikinta. Alamarta wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya. Ka sa a duba magen Hajiya.

Kayan magani kam mutanen nan sun fi mu, kuma ba sa jira sai dabba ta lalace. Akwai na ɗigawa a ƙeya duk wata, akwai ƙwayar taunawa irin NexGard ta wata ɗaya da Bravecto ta sati 12, akwai abin wuya na Seresto mai kai wata 7 zuwa 8. Kowanne da nauyin dabbar da aka yi shi dominta a jikin kwalin. Abin da suka fi ja min kunne a kai shi ne kada na kare ya taɓa mage, don wasu na ɗauke da sinadarin permethrin, yana sa ta rawar jiki da farfaɗiya har ta mutu. Da na ji haka sai na tuna yadda ake yayyafa fiya-fiya a ɗakin Hajiya, magenta na kwance a ƙarƙashin gado. Don Allah a daina.

Sai dai tsada. Mutum na ganin likita kyauta a ƙasar nan, dabba kuwa a'a. Ganin likitar kaɗai ya ci min wajen fam 50, ban da magani. Akwai ƙungiyar agaji ta PDSA, wadda aka kafa tun 1917, mai duba dabbobin marasa ƙarfi, amma sai wanda ya cika sharuɗɗanta. Magunguna masu ƙarfi kuma ba a sayar maka sai likita ya ga dabbar ya rubuta. Da farko abin ya dame ni, don a gida sai ka shiga shagon maganin dabbobi ka sayi ivermectin nan take da kuɗi kaɗan. Sauƙi ne babba. Amma mai shago da ido yake ƙiyasta nauyin kare, kwalbar ta sha rana, ga jabu a kasuwa.

Doka ma ba ta wasa. Tun 2016 dole a sa wa kowane kare 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, a 2024 aka haɗa da mage. Karen da za a shigo da shi daga yawancin ƙasashe sai likita ya ba shi maganin tsila kwana 1 zuwa 5 kafin ya iso. Wanda karensa ya yi kashi a hanya bai kwashe ba, tara ce. Ba don tsabta kaɗai ba ne: ƙwan tsutsar cikin kare na daɗewa a ƙasa, yaro ya yi wasa ya kai hannu baki, tsutsar na iya kaiwa har ido. Wannan ya fi komai tsaya min a rai, don na san yaranka a yashin gidan gonar nan suke wuni ranar Asabar. Ɗan kwikwiyo ana fara ba shi maganin tsutsa yana sati 2, a maimaita duk sati 2 har ya cika 12, babba kuma duk wata 3.

Allurar haukan kare a nan sai mai fita da dabbarsa ƙasar waje ke yi, don cutar ba ta cikin karnukansu. Mu wajibi ce a kanmu, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato na yin ta.

Yanzu ga abin da nake roƙo. A wanke baƙin man da sabulu da ruwan ɗumi, don yana lasa yana shiga cikinsa. Ka ɗaga leɓensa ka dubi dasashi. In ya yi fari, jininsa ya yi ƙasa, ko kaska ta sa masa ciwon jini, a kai shi asibitin dabbobi a ranar. Kada a ƙona kaska da wuta ko a zuba mata kananzir. A kama ta daf da fata a zare a hankali. A share makwancinsa, a liƙe tsagogin bangon, a nan kaska ke ɓuya. Mai gadi ya hau sikelin awon hatsi shi kaɗai, ya sake hawa riƙe da karen, a cire, sai ka faɗa wa likita nauyin.

Zan ba mai zuwa mataji biyu da 'yan ƙugiyoyin roba na cire kaska. Ka turo min hoton kunnuwan nan bayan sati biyu. A gaida Hajiya da kyau.

Ƙaninka, daga Landan.