Kilam mai juyawa na haidurolik ko na noti da sufana: amsa ga ƙaninmu na Magazin

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙaninmu mai shago a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana, ya yi tambaya tun daren jiya, na ga har yanzu ba wanda ya ce masa komai sai "Allah ya sanya albarka". Ga waɗanda ba su gani ba: ya samu aikin gidan boris (mazaunin bearing) na injin nikanika, guda 300 duk mako, zubin ƙarfe ne, zai share fuskarsa a injin milin, wato injin sassaƙar ƙarfe, ya huda ramuka huɗu. Kilam shi ne abin da ke danne aiki a kan teburin inji, kuma yanzu da na hannu yake ɗaurewa, wato sandar ƙarfe da boltu da noti a ramin tebur. Wani kuma ya kawo masa kilam huɗu masu juyawa na haidurolik, wato masu aiki da matsin mai, da aka kwance daga wani tsohon inji, babu famfo, babu takarda. Shin ya saya, ko ya tsaya a kan sufanarsa?

Ƙanena, bari in fara da abin da mai sayarwa zai fi cika maka kunne da shi, wato ƙarfi. Zai ce haidurolik ya fi riƙo. Ɗauko biro mu lissafa. Kilam mai juyawa fistin ne mai hannun ƙarfe a kansa, hannun ya juyo ya jawo aiki ƙasa, don haka man haidurolik yana turawa ne a gefen da sandar fistin take, kuma sandar ta cinye wani ɓangare na fili. A ce fistin milimita 25 ne, sandarsa 14. Filin da ya rage wa mai bai wuce murabba'in santimita 3.4 ba. Ka ba shi matsin ba 200 (ba, wato bar, shi ne ma'aunin matsi), zai ja da nauyin kilo 690 ko kusa da haka, kafin a cire abin da gogayya da lanƙwasar hannu ke ci. To boltu M12 fa? Ka ɗaure shi daidai wa daida, kamar nita-mita 40 (ma'aunin ƙarfin murɗi) a sufana mai geji, ya riga ya ja fiye da tan ɗaya da rabi. In yana tsakiyar sanda, rabi ya tafi kan aiki, rabi kan matashin da ke tallafe bayan sandar. Kilo 800 kenan a kan gidan boris ɗinka. Ka ga a nan kunnen doki suka yi, har na hannun ya ɗan leƙa gaba. In ka matsar da boltun kusa da aiki, kamar yadda kowane Masta ya koya mana da ranƙwashi, ya ƙara tserewa.

Inda suka rabu shi ne lokaci da kuma daidaito.

Lokaci kai za ka auna, da agogon wayarka. Kwance noti huɗu, janye sanduna, share ɓarɓashi, ɗora sabon aiki, mayar da sanduna, ɗaurewa. In abin ya ci minti 2 a kowane guda, sau 300 awa 10 kenan a mako da injin yake tsaye yana kallonka. Da haidurolik, ka murɗa bawul ɗaya, hannaye huɗu su tashi su kauce gefe lokaci guda, ka ɗaga aikin kai tsaye ba abin da ya tare maka hanya. Daƙiƙoƙi ne.

Daidaito kuwa shi ne abin da ni ya fi burge ni. Yaron shago da ya ci wake da shinkafa ya ƙoshi da safe, ba irin ɗaurinsa ba ne da ƙarfe huɗu na yamma. Kuma noti huɗu ba sa taɓa samun ɗauri iri ɗaya daga hannu ɗaya. Gidan boris na zubi in ka danne kunne ɗaya fiye da sauran, yakan ɗan murɗe a ƙarƙashin kilam, ka share fuskarsa ta yi sumul, ka kwance, ya koma yadda yake, fuskar ta tashi a karkace. Sai mai nikanika ya dawo bayan wata biyu yana cewa boris na zafi. Geji in ya nuna ba 200 yau, gobe ma 200 ne, a kan dukkan kilam huɗu, ko wa ya murɗa bawul.

Sai dai na hannu yana da abin da haidurolik ba zai taɓa samu ba: ba ya zaɓen aiki. Yau gidan boris, gobe murfin giyabos, jibi wani guntun ƙarfe da direba ya kawo daga tasha yana haki. Ka ja boltu a ramin tebur, ka ƙara tsani a matashi, an gama. Kilam mai juyawa sai ka ƙera masa jigi, faifan ƙarfe mai kauri da mazauni na musamman, ka kafa shi a wuri ɗaya domin aiki ɗaya. Tazarar da yake sauka a miƙe gajera ce, a ƙananan sau da yawa ba ta kai santimita ɗaya da rabi ba. Aiki ya canza tsayi, jigi ya tashi aiki.

A kan wannan tazara zan ɗan daɗe, domin nan mutane suke kashe kilam. Tafiyar fistin kashi biyu ce. A kashin farko yana sauka yana juyawa, galibi digiri 90, akwai kuma na 45 da na 60, wani dama wani hagu. Abin da ke juya shi wata kwarya ce, wato tsagi, da aka sassaƙa a jikin sanda kamar zanen dodon koɗi, da ƙwallon ƙarfe ko fil da ke bin cikinta. A kashi na biyu kwaryar ta miƙe, fistin ya sauka sak. Dole hannu ya taɓa aiki a cikin kashi na biyu, kuma a wajen tsakiyarsa. In ya taɓa tun yana juyawa, duk ƙarfin man ya koma kan wannan ɗan ƙwallo, ga shi kuma yana ture aikin daga mazauninsa. In kuma fistin ya kai ƙarshen tafiyarsa kafin ya danne sosai, geji zai nuna maka matsi cif, alhali aikin a sake yake. Wannan na biyun ya fi tsoratar da ni, don ba ya ba da alama sai wuƙar milin ta shiga. Zubin Magazin kuwa ka san shi, wani ya fi wani kauri da milimita biyu ko uku. Ka auna mafi kauri da mafi siranta a cikin guda ashirin, ka tabbata duka biyun sun faɗa cikin tazarar.

Ni da kaina na biya kuɗin makaranta a kan wannan. A wani shago da na yi aiki, hannun da ya zo da kilam bai kai inda nake so ba, sai na yanko ƙarfe na ƙera mai tsawo ninki biyu, mai kauri, har ina alfahari da shi. Ban rage matsi ba, ban taɓa gudun mai ba. Kana murɗa bawul sai ka ji "ƙas!", hannun ya wulwulo ya tsaya kamar an mari mutum. Daɗi nake ji, wai aiki na sauri. Bai yi wata ba ya fara tsayawa a karkace, yana sauka a gefen kunnen aiki maimakon tsakiya. Da muka buɗe shi a kan benci, bakin kwaryar ya tauye, ya yi leɓe kamar tsohuwar sufana, ƙwallon ya yi fuska, man da ya zubo yana ƙyalli da garin ƙarfe. Masta ya juya sandar a hannunsa, ya dube ni, bai ce uffan ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Laifi biyu na yi. Dogon hannu yana lanƙwasa sandar fistin, don haka duk kamfanonin da ke ƙera su, Enerpac da Roemheld da Vektek da Kosmek, suna ba da jadawalin da ke nuna matsin da aka yarda da shi ga kowane tsawo. In ka ninka tsawo, ka sa ran matsin zai sauko zuwa wajen rabi. Na biyu, hannu mai nauyi in ya juyo da gudu, ƙwallon nan ne kaɗai ke tsayar da shi. Maganinsa ɗan bawul mai rage gudun mai, a sa shi a hanyar shiga. Ni yanzu ina saita nawa har sai idona ya iya bin juyawar, kamar daƙiƙa ɗaya, in hannu ya yi tsawo in ƙara. Wani abin kuma: in za ka ɗaure notin da ke riƙe hannu a kan sanda, ka kama hannun da wata sufana ko ka matse shi a bais, wato mamatsin ƙarfe na kan benci. In ka bar sandar ta ɗauki murɗin, ka ɓata kwarya tun kafin mai ya shiga.

Na hannu fa, me ke lalacewa? Zaren boltu ya cinye, ka aiki yaro ya sayo wani kafin shayinka ya huce.

Yanzu waɗannan huɗun da aka kawo maka. Kafin maganar kuɗi, ka duba abu uku a jikinsu. Na farko lambar da aka buga, domin ita za ta gaya maka ajinsu. Akwai na ƙaramin matsi, ba 70, irin da Kosmek da Pascal na Japan suka yi suna a kai. Akwai na ba 350, har da na 500. Ka haɗa na 70 da famfon 350, sil, wato robar da ke tare mai, ya fashe a ranar farko, in ma abin ya tsaya a sil. Na biyu, ƙofar mai nawa ce. Mai ƙofa ɗaya sifirin ne ke mayar da shi sama, haɗinsa ya fi sauƙi, tiyo ɗaya ya isa, amma yana dawowa a hankali, kuma ɗakin sifirin yana numfashi ta wani ɗan rami. In ruwan sanyaya aiki ya bi ramin nan, tsatsa ta cinye sifirin daga ciki. Mai ƙofa biyu mai ne ke kai shi ya dawo da shi, ya fi tabbas, shi ake so in inji mai kwamfuta ne da zai motsa da kansa bayan an kwance. A injin hannu irin naka, mai ƙofa ɗaya ya wadatar. Na uku, ɓangaren da kowanne ke juyawa. Huɗu duk na dama na iya sa hannu ɗaya ya daki jikin aiki ko ya kwanta a hanyar wuƙa. Ka kuma shafa sandar da farce. In ka ji karce, za ta yi yoyo, kuma robar bakin da ke share ɓarɓashi ta gama aiki. Garin zubin ƙarfe kamar yashi yake ga sil.

Ka tuna kuma kilam huɗu ba su ne kuɗin ba. Akwai famfo, bawul, geji, tiyo ko bututun ƙarfe mai ɗaukar matsin, matacin mai, da mai mai tsabta na haidurolik lamba 32. Kada wani ya zuba maka baƙin man da aka juye daga mota, na san halinmu. Tunda kana da kwamfuresa, famfon da iska ke korawa ya fi maka araha a kan na lantarki. Kada kuma ka ce bari in ba kilam ɗin iska kai tsaye. Kwamfuresa ba 6 ko 7 take bayarwa, a kan fistin da muka lissafa kilo 20 kenan, abin da yaro zai ture da hannu.

Sai batun dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki. Noti ba ruwansa da wuta, an ɗauke ko an kawo yana nan a ɗaure. Haidurolik in famfo ya tsaya, ko iska ta ƙare a tanki, kuma akwai yoyo ko kaɗan, matsi zai zube wuƙa na cikin aiki. Saboda haka bawul mai hana mai komawa baya wajibi ne, a kafa shi kusa da jigi, kuma geji ya kasance inda mai aiki ke ganinsa ba sai ya sunkuya ba. In aljihu ya yarda, a ƙara makunnin da zai kashe inji da zarar matsi ya faɗi. Man da aka kulle kuma yana jin zafi: duk digiri ɗaya da ya ƙaru, matsi na hawa da kamar ba 10. Jigin da ka ɗaure da sanyin safiya ka bari a ƙarƙashin kwanon shago har azahar, ka duba gejinsa ka gani. Yoyo kuma ba a nemansa da yatsa, da kwali ake nema. Mai a wannan matsi yana huda fata ya shige nama. Yaranka su san inda hannu ke wucewa in ya juyo, domin ba ya tsayawa don ya ji yatsa.

To ga nawa ra'ayin. In wannan aiki na guda 300 na wata ɗaya ne ko biyu, bar su. Ƙera jigi mai kyau da mazauni uku da turaku, ka yi wa sandunanka doguwar tsaga yadda rabin juyi zai sa su zame baya, ka sa sifirin a ƙarƙashinsu kada su faɗi, ka sayi sufana mai geji. Rabin lokacin nan za ka ƙwato ba tare da ɗigon mai ba. In kuwa mai aikin ya saba dawowa, kuma kana ganin shekara za ta zagayo kuna tare, haidurolik zai biya kansa, da sharaɗin ka samo jadawalin waɗannan kilam ɗin. Ba lamba a jiki, ba ciniki, ko da kyauta ne.

Ka goge su da kananzir ka ɗauko mini hoton lambar da na ƙofofin mai, da kaurin kunnen gidan boris guda ashirin. Ranar Asabar ina da saƙo a Aboabo, daga nan zan iya biyowa Magazin da ƙaramin famfon hannu da geji, mu ɗora su ɗaya bayan ɗaya mu ga wanda ke riƙe matsi na minti goma.