Yaya, a nan shaho ma yana da masu tsaya masa

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan Inna ta ji sauƙin ƙafar, yara kuma suna lafiya. Ka tambaye ni kuɗin bindigar farauta a Ingila, da kuma ko gaskiya ne naman daji ya fi kaza araha. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bindiga dai ka cire rai. Akwai shagunanta, masu baki biyu a jere sumul, amma ba a ciniki sai da takardar 'yan sanda. Sai sun zo gidanka sun ga akwatin ƙarfen da za ka kulle ta, sun ji daga likitanka, kuma duk shekara 5 ka sabunta. Ba kamar adakarka ba, da maƙeri ya ƙera maka ka rataya a bayan ƙyaure.

Farautar kanta haja ce, sayen ta ake yi. Watan Nuwamba wani abokin aikina ya ja ni wani gandu a Yokshaya, can arewacin Ingila, aikin kora. Aka ba ni sanda da tuta, muka jeru cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa muna bugun itatuwa, karnuka na shaƙe-shaƙe, tsuntsaye na tashi suna nufar inda masu kuɗi ke tsaye da bindigogi. Babu kirari, babu tauri, babu kwana a daji. Da rana ma aka kawo musu miya da shayi. Tsuntsun, fezan suke ce masa, kamar zabo ne mai dogon bindi, kuma ba na Allah-ya-ba-ka ba ne: ƙyanƙyasarsu ake yi, a yi kiwonsu a keji, a sake su miliyoyi kowace shekara, a harbe daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Fabrairu. Da yamma aka sallame mu da 'yan kuɗi, aka haɗa mini da tsuntsu biyu. Ban ji wanda ya yi bisimilla kafin harbi ba, sai na ba maƙwabciyata. Eh, a lokacinsa yana da araha wajen mahauci, don masu harbin nishaɗi suka saya, naman ba ya gabansu. Sai dai ka yi hattara da haƙorinka, ƙwayar dalma na maƙalewa a ciki.

Wanda ya fi tsada shi ne giraus, mai kama da makwarwa, da ke zaune a tuddai. Shi ba ya kiwuwa a keji, sai dai a gyara masa daji. Ana buɗe harbinsa ranar 12 ga Agusta, kuma yini guda na iya cin dubban fam.

To a nan rigimar take. Ka tuna yadda shirwa ke zarya a kan akurkin Inna, mu fito da gwafa muna ihu? Mai gadin gandu a nan ma haka yake ji, illa dai tsakonsa kuɗin maigida ne, kuma albashinsa da gidan da aka ba shi duk a kansa suka rataya. Amma in ya taɓa shaho, kotu. An kare yawancin tsuntsaye masu farauta tun dokar 1954, ta 1981 ta ƙara ɗaure abin, hukuncin yana kaiwa wata 6 a gidan yari. Ga kuma ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB, wadda aka kafa a 1889, mambobinta sun haura miliyan, har ma'aikatan bincike take da su. Tsofaffin da nake kula da su da yawa suna biyan ta kuɗi duk wata. Wata ma hatsin tsuntsaye take saye a kanti, buhu guda, don ciyar da na bakin tagarta. Na kalli buhun na tuna farashin tiyar gero a gida, na yi shiru.

Babban abin faɗan wani shaho ne, hen hariya, mai son 'yan tsakin giraus. Masu harbi suna kafa hujja da gandun giraus na Langholm a Sikotilan: da aka bar shahon ya sake, matan da ke sheƙa suka tashi daga 2 a 1992 zuwa 20 a 1997, giraus ya yi ƙaranci har aka daina harbi. Sukan ƙara da cewa su ke kashe dila da hankaka, wanda hakan ke ceton wasu tsuntsayen masu ƙwai a ƙasa. Wannan gaskiya ne. Amma a 2013 ko tsako ɗaya na hariya bai tashi ba a duk Ingila. Da aka ɗaura wa hariya 58 na'urar bin sawu, binciken 2019 ya nuna kashi 72 cikin 100 an kashe su, ko alamu sun nuna hakan, galibi a kan gandayen giraus. Na'ura ta mutu, tsuntsu ya ɓace, kowa ya ce bai gani ba. In ba ƙira, me ya ci gawayi? Ni dai a nan na fi karkata ga masu tsuntsaye. Sikotilan ma ta gaji, a 2024 ta yi dokar cewa sai da lasisi za a harbi giraus, kuma gandun da aka samu da hannu a kisan shaho yana iya rasa nasa.

Mai gadin da na yi wa kora kuwa, da na ba shi labarin gwafarmu, dariya ya yi, ya ce in yi a hankali da wannan hira a garin nan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suke ƙirga tsuntsayensu. Muna yara, ungulu cike take da rufin mayanka. Zuwana na ƙarshe ban ga ko ɗaya ba, ban kuma ji wanda ya tambaya ba. Don Allah in ka je kasuwa ranar Laraba ka ɗaga kai ka duba mini.

Batun kajin Inna, ragar waya mutanen nan suke rufa wa kejinsu ta sama, kuma tana aiki. Ta nan da tsada, ga kuɗin dako. Zan turo kuɗi ƙarshen wata ka sayi ta kasuwa, mai ƙananan ido. A gaida Inna da su Yaya Babba.