Kuɗin nakasa a Amurka: lauya za ka ɗauka ko da kanka za ka nema?

Jama'a wannan maganar ta 'yan uwanmu ce mazauna Amurka, musamman direbobin tasi da masu aikin sito da masu kula da tsofaffi a gida, waɗanda ciwon baya ko gwiwa ko suga ya kayar har aiki ya gagara. Duk wanda ya zo min da takardar hukumar Social Security, wato hukumar gwamnati mai biyan kuɗin nakasa, a hannu tambayarsa ɗaya, wai ya ɗauki lauya ko kuwa? Toh ya danganta da inda kes ɗinka ya tsaya, amma fara sanin wane kuɗi ma kake nema, don iri biyu ne.

SSDI na wanda ya yi aiki ya biya haraji ne. Maki ake lissafa maka, huɗu ne iyaka a shekara, galibi ana son 40 kuma 20 daga ciki a shekara goman ƙarshe kafin ciwo ya kwantar da kai, matasa ana rage musu. Nan mutanenmu da yawa ke shan ƙasa, wanda ya shekara goma ana biyan sa a hannu ko yana tuƙi yana rubuta wa masu haraji ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ranar nema sai a ce makinsa bai kai ba, kuma wallahi ba lauyan da zai ƙirƙiro masa. SSI kuwa na marasa hali ne, abin da ka mallaka kar ya wuce dala 2,000, ko 3,000 in miji da mata ne, ban da gidan da kake ciki da mota ɗaya, ga sharuɗɗa masu tsauri ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba. In ka bar Amurka ka je gida ka yi kwana 30 a jere ma sai a tsayar da shi. Duka biyun dai sai ciwon ya kai wata 12 ko ana sa ran zai kai, ko kuma mai kai mutum ga ajali ne.

Neman farko kana iya yin abinka da kanka, ta intanet ko waya ko ka je ofis, kyauta ne kuma tafinta ma su za su kawo ba ka biyan ko sisi. In ciwon a bayyane yake, kamar wanda ake wa wankin ƙoda, takardun asibiti sun cika, ban ga dalilin bai wa wani kaso ba. Sai dai ka sani fiye da rabin masu nema ana ƙin su a zagayen farko, kar ka ɗauka kai kaɗai aka tsana. Kuma akwai wani hali namu da ke cutar mu, likita ya ce ya jiki ka ce da sauƙi alhamdulillahi, don haka aka rene mu, shi kuwa bawan Allah sai ya rubuta a fayil wai mara lafiya yana samun sauƙi, kuma wannan fayil ɗin shi masu yanke hukunci za su karanta. Ka gode wa Allah, sannan ka faɗa wa likita gaskiya: minti nawa kake iya tsayuwa, kana iya ɗaga galan ɗin ruwa ko a'a, sau nawa ciwo ke tashin ka da dare.

Lauya mai zaman kansa, abin da mutane ba su sani ba shi ne ba ka biyan sa kuɗin aiki sai an ci kes. Kasonsa kashi 25 cikin 100 ne na kuɗin baya, wato na watannin da suka taru maka kafin a amince da nemanka, kuma da iyaka, daga ƙarshen Nuwamban 2024 iyakar ta koma dala 9,200, da can 7,200 ce. Wato in kuɗin bayanka 20,000 ne ya ɗauki 5,000, in 60,000 ne ba zai ɗauki 15,000 ba sai 9,200. Hukumar ce ke amincewa da kuɗin ta cire ta ba shi, na wata-wata da za ka riƙa samu nan gaba ba ya taɓawa. Inda ake rigima shi ne kuɗin karɓo takardun asibiti, wannan daban ne, ka tambaya tun kafin ka sa hannu, in an faɗi kes wa zai biya?

Tunda farashin kusan ɗaya ne ko'ina, ba arha za ka duba ba, mutum za ka duba. Manyan kamfanonin nan masu talla a talabijin suna da ma'aikata da tsari, amma kana iya shekara kana magana da sakatarori daban-daban sai ranar zama gaban alƙalin hukumar ka fara jin muryar lauyanka. Ƙaramin lauya na garinku wanda aikinsa kenan ya san alƙalan ofishin yankin, ni shi na fi so, amma dan Allah ba lauyanka na takardun zama ko na haɗarin mota ba, fanni ne daban. Ka tambaye shi kai tsaye, Barista kai za ka tsaya min gaban alƙali ko wani za a turo?

Akwai kuma wakilai da ba lauyoyi ba, doka ta yarda da su, waɗanda suka ci jarrabawar hukumar ana biyan su kamar yadda ake biyan lauya, wasunsu sun ƙware sosai. Illa dai in magana ta kai kotun tarayya ba su da hurumi.

Ofisoshin taimakon shari'a na kyauta, irin waɗanda Legal Services Corporation ke ba kuɗi tun kafa ta a 1974, galibi na wanda samunsa bai wuce kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talaucin gwamnati ba ne. Layi da tsawo, amma in SSI ne, ko an yanke maka kuɗin da kake karɓa, ko an ce an biya ka fiye da kima ka dawo da shi, can za ka nufa don lauyan kasuwa ba ya ɗokin kes ɗin da babu kuɗin baya a ciki.

Shi kuwa ɗan uwa mai cika fom a unguwa da zai ce kawo dala 500 tukuna, ka riƙe kuɗinka. Wakili na gaskiya sai an sanar da hukuma a rubuce, fom ɗin SSA-1696 kenan, kuma ba ya karɓar lada sai ta amince.

In takardar ƙi ta zo kwana 60 gare ka, da ƙarin biyar na gidan waya. Kar ka jefa ta a durowa ka ce bari in sake sabon nema, ɗaukaka ƙara za ka yi, in ba haka ba kuɗin baya na iya salwanta, ga shi cancantarka ta neman SSDI tana ƙarewa wajen shekara biyar da barin aiki. Matakan huɗu ne, sake dubawa, zama gaban alƙalin hukumar, majalisar ɗaukaka ƙara, sai kotun tarayya. Zaman alƙalin nan ne ba na son kowa ya je shi kaɗai, don ana kawo masanin sana'o'i ya lissafo ayyukan da wai har yanzu za ka iya, ka ji ya ce ai kana iya zama kana duba kaya a masana'anta, in ba mai yi masa tambayoyin ƙwaƙwaf shikenan maganarsa ta zauna. Takardun shaida kuma ana son su shiga aƙalla kwana biyar na aiki kafin zaman, saboda haka ranar da aka ƙi ka a karon farko ranar za ka fara buga wa lauyoyi waya, ka gwada biyu ko uku tunda ganawar farko galibi kyauta ce.