Masu gyaran yoyon dekin da suka yi mana aiki, bayan damina biyu

Jama'a da yawa sun tambaye ni yadda muka ƙare da yoyon gidanmu, na ce bari sai aikin ya ga damina biyu tukun kafin in buɗe baki, toh yanzu ya gani. Sunan kamfanin ba zan saka a nan ba saboda akwai inda zan yaba akwai inda zan yi ƙorafi, mai buƙata ya same ni ta gefe.

Gidan dekin ne, an zuba shi da niyyar za a ɗora bene, kuɗi suka yanke aka bar shi haka rana na dukansa ruwa na dukansa shekara da shekaru. Ɗakin Hajiya ya fi shan wahala. Da farko wani tabo ne ruwan ɗorawa a kusurwar sili, sai fenti ya fara kumbura kamar ƙuna, ka taɓa da yatsa ruwa ya tsiyayo, daga baya muka janye wadirob muka tarar bayansa ya yi baƙi ƙirin da funfuna, atamfofinta na ƙasan akwati duk sun ɗauki wari. Ranar da wani ɓallin siminti ya faɗo kusa da dardumar sallarta na ɗaga kai na ga rodi a waje ya yi ja da tsatsa, wallahi daren nan ban yi barci ba.

Kafin su mun kira wani birkila har sau biyu, ya dama siminti da ruwa ya shafe saman ya karɓi kuɗinsa, ruwan farko lafiya, ana shiga marka komai ya dawo sabo.

Abin da ya fara burge ni da waɗannan shi ne ba su yi maganar kuɗi ba sai da shugaban aikin ya hau sama da bokiti biyu ya sheƙa ruwa ya tsaya yana kallon inda zai bi. Ruwan bai nufi indararo ba, tsakiya ya taru ya kwanta. Ya ce min "Alhaji dekin ɗinka ba shi da gangare, ko me muka shimfiɗa a kai in ruwa yana kwana a nan sai ya samu hanya." Sannan ya nuna min tsaga siririya a inda dekin ya haɗu da katangar gefe, da bakin fayif ɗin tankin ruwa da aka fasa aka cusa aka toshe da siminti kawai. Ya kuma yi min bayanin rodin, cewa in ruwa ya kai gare shi yana tsatsa, tsatsa kuma kumbura take yi, ita ce take tunkuɗo kankaren daga ciki har ya ɓalle.

Aikin ya ci kwana tara. Suka kankare duk shafe-shafen da aka yi a baya, suka zuba sabon siminti mai gangare zuwa indararo, suka jira ya bushe sosai, nan ma sai da muka ɗan yi ja-in-ja don ni ina sauri su kuma sun ce in akwai danshi a ƙasa shimfiɗar kumbura za ta yi in rana ta buga. Bayan nan suka shafa baƙin ruwan kwalta, sannan suka kawo abin da suke kira felt, mai kaurin milimita 4, ana warware shi kamar tabarma ana gasa ƙasansa da wutar gas yana mannewa. Kowane layi ya hau kan ɗan'uwansa da kamar santimita 10, a gefe kuma ba su yanke shi a ƙasa ba, sai da suka naɗe shi ya hau jikin katanga fiye da taƙi ɗaya. Da suka gama suka toshe indararo suka cika saman da ruwa aka bar shi kwana biyu, muna ta leƙa silin ɗakin Hajiya, ko ɗigo.

Lokacin ina ta ƙorafin yaya za a yi gidan siminti da rodi ya kasa riƙe ruwa, ƙanina da yake karanta zanen gine-gine a Zariya ya ce Yaya ai ba kai kaɗai ba ne. Akwai wani gida a jihar Pensilbaniya ta Amurka, Fallingwater, wanda Frank Lloyd Wright ya zana a 1935 a kan magangarar ruwa, har UNESCO ta saka shi cikin kayan tarihin duniya a 2019, amma tun masu shi na ciki suke tara bokitai saboda yoyo, rufinsa shimfiɗaɗɗe ne irin namu. Jami'ar MIT kuma ta buɗe ginin Stata a 2004 bayan an kashe kusan dala miliyan 300, a 2007 ta kai mai zanen, Frank Gehry, da kamfanin da ya gina kotu, cikin ƙorafin har da yoyo da tsagewa da funfuna. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne magina namu na da sun san wannan, soron ƙasa ana masa rawani da indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da bango, a shafe da makuba ko laso, kuma ba wanda yake jira sai ya zuba, ana sabunta yaɓe kafin ruwa ya sauka. Masallacin Djenne na Mali ma duk shekara gari guda ke fitowa a yaɓe shi.

Inda ban ji daɗinsu ba, alƙawarin lokaci. Sun karɓi kafin alƙalami suka ce Litinin, sai Alhamis na gan su, waya kuma sai ka kira sau uku. Yaransu sun bar min guntayen felt da ɗigon kwalta a jikin bangon waje da har yau bai fita ba. Takardar garanti ma sai da na yi ta bi kafin a rubuto, dan Allah duk wanda zai ba su aiki ya karɓi tasa kafin ya biya ciko. Kuɗinsu kuma ya ninka na birkila nesa ba kusa ba.

A damina ta biyu danshi ya ɗan bayyana ta wajen matakala, na kira, wannan karon washegari suka zo, ashe ledar fiya wata da ganyen darbejiya ne suka toshe indararo ɗaya ruwa ya taru ya haura inda shimfiɗar ta tsaya. Suka buɗe, suka ƙara ɗaga gefen wajen, suka saka raga a bakin, ba su karɓi ko sisi ba. Ɗakin Hajiya an sake fenti tun bara kuma yana nan fari tas, ta mayar da akwatunanta inda suke.