Keken mutum biyu mai kwancewa: yadda muka kwashe da shi daga Jidda zuwa Hufuf

Wata goma sha ɗaya kenan da na sayi keken nan kuma sai yanzu na ga ya dace in ce wani abu a kansa, don sai a watan Janairun nan muka yi ainihin abin da aka ƙera shi dominsa, wato a kwance shi a zuba a akwati a hau jirgi da shi. Masu tambayata a Corniche, wato bakin tekun Jidda, kullum "wannan dogon abu ina ka samo shi", to ga amsa gaba ɗaya.

Ba don gayu na saya ba. Ƙanena Habibu idonsa ya tafi shekara huɗu da suka wuce, hawan jinin ido ne, kuma wannan yaro kafin lalurar ba ya sauka daga kan keke, tun muna yara a Karantina shi ake aika sayen tamis da ful da asuba don kafin ka ce kwabo ya dawo. Da na ga wani Bature da ya gama kwantiraginsa a Yanbu ya sa keken a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, zai bar ƙasa, ban ma tsaya ciniki sosai ba, na biya na ɗauko. Umma ta ce kuɗin da zan ƙara in sayi ƙaramar mota na kai wa keke, kuma gaskiyarta ne, abin akwai tsada ko na hannu ne.

Yadda yake: sirdi biyu, feda huɗu, na gaba shi ke da tuƙi da birki da canjin giya, na baya nasa taka feda ne da yarda da na gaba. Abin da ya bambanta shi da sauran irinsa shi ne mahaɗan ƙarfe da ke jikin bututun, ana kiransu S&S, wani kamfani ne a Kalifoniya ta Amurka yake yinsu. Kowace mahaɗa haƙora ne ke shiga cikin juna sai a murɗa wani zobe mai zare a kai da sifana tata ta musamman. Namu guda 6 ne, ka kwance su gangar keken ta rabu uku. Wayoyin birki da na giya su ma suna da ɗan abin da ake murɗewa su rabu a tsakiya. Da farko na yi tsoron ko zai riƙa lanƙwasa a wajen mahaɗan tunda mu biyu mun haura kilo 150, amma wallahi in an ɗaure da kyau ba ka jin komai, kamar ba a taɓa yanka shi ba.

Akwatunan guda biyu ne, kowanne inci 26 da 26 da 10, in ka tara 62 kenan, santimita 158 da yawancin kamfanonin jirgi suka sa a matsayin iyakar jakar da ake aunawa. Dabarar kenan gaba ɗaya. Akwati ɗaya a tikitina ɗaya a na Habibu, na farko ya auna kilo 21 na biyu 19 da wani abu, duk ƙasa da 23, ma'aikaciyar ta manna takarda ta tura su kamar kowace shanta, wato jakar tafiya, ba a ce mu je layin manyan kaya ba. Amma fa ku sani kun cinye kasonku na kaya, tufafinmu na kwana huɗu a jakar goyo muka cusa su, wasu ma na naɗe bututun keken da su.

Inda ake shan wuya wajen shiryawa ne. Karon farko awa huɗu na yi a falo ina zufa duk da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na aiki, a cire feda huɗu, a cire sirdi biyu, a cire kan keke, a sace iskar taya, a cire faifan birki don in ka bar shi a jikin wili zai lanƙwashe ya yi ta ƙiii duk tafiyar, sannan a jera komai bisa tsari ɗaya tak da murfin zai yarda ya rufu. Na rufe na buɗe ya fi sau biyar. Akwai wasu sandunan roba da ake kafawa a tsakiyar akwati don in an ɗora masa kaya kar ya matse wili, kar wanda ya raina su. Shawarata duk abin da ka sa ka ɗauki hoto a waya, ranar dawowa za ka gode wa kanka.

Wauta ɗaya na tafka, na sa sifanar mahaɗan a jakar hannu wai don kar ta ɓace. Wajen bincike aka ce ƙarfe irin wannan ba ya shiga ciki, dole na koma da gudu na auna jakar goyon tawa a matsayin ƙarin kaya na biya, saura kaɗan a rufe ƙofa. Laifina ne, kuma da na bar ta da an gama, don ba sifanar da za ka samu wajen mai faci a Hufuf ba ce.

Jirgin sama ya sauke mu a Riyad, daga nan jirgin ƙasa muka hau zuwa Hufuf. A Riyad a kula, tashar jirgin ƙasa biyu ce. Ta arewa mai zuwa Ƙasim da Ha'il tana can kusa da filin jirgi, ta gabas mai zuwa Hufuf da Abƙaiƙ da Dammam tana cikin gari can ƙasa, tafiya ce mai ɗan nisa, kuma akwatunan nan ba sa shiga but ɗin ƙaramar tasi su biyu, sai da muka nemi babbar mota. Tsohon layi ne tun 1951 amma taragon yanzu tsaf suke. An sa akwatunan a na'urar bincike, mai duba allon ya ɗago ya ce mene ne wannan, nace sikil ne, wato keke, yace sikil a shanta? Ya kira abokinsa suka yi dariya suka ce mu wuce. Wajen awa biyu da rabi muka sauka. Ja da akwati biyu da jaka biyu ga Habibu riƙe da kafaɗata, nan ne kawai na ji da ma mu uku ne.

A masauki kuma abin ya juye. Ni da nake gani ina ta duba hotuna ina ruɗewa, shi kuwa yana shafa bututu sai ya ce "Yaya wannan na ƙasa ne, miƙo min na tsakiyan", yana jin zaren zoben ya hau daidai ko ya karkace da yatsa kawai, ni sai na murɗa na ji ya cije tukun nake ganewa. Shi ya shafa giris ya kama zoben duka shida, ni na bi da sifana na ƙarasa. Awa ɗaya da kwata. Sarƙar hagu mai haɗa fedata da tasa ni na ɗora, muka fita ko mita ɗari ba mu yi ba yace "Yaya tsaya, ƙafarka na riga tawa." Na duba, haƙori biyu na kuskure, ni ban ji komai ba.

Ahsa kam, wato yankin da Hufuf take ciki, wajen keke ce a lokacin sanyi. Dabino sama da miliyan biyu da rabi, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2018, hanyoyin gonaki a shimfiɗe ga inuwa ga magudanan ruwa a gefe. Mun je Dutsen Ƙara mai koguna, mun yi azahar a masallacin Jawasa, mun sayi dabinon khalas a kasuwar Ƙaisariyya. Aikina a gaba bakina ne, "maɗab na zuwa, ɗaga" (maɗab shi ne tudun rage gudu a titi), "kwana dama", "za mu tsaya, ƙafar hagu", in na manta na hau maɗab ban faɗa ba sai in ji duka a baya. Shi kuma yana ba ni labarin abin da ban lura da shi ba, wai nan an yi ban ruwa ɗazu, can ana ƙona ganyen dabino. Rana ta biyu na ji wani ƙas ƙas a ƙasa, zobe ɗaya ne ya ɗan saki, daga nan kullum da safe sai na bi su shida da sifana kafin mu hau.

Wanda zai yi yawonsa a Corniche ko Abhur kawai kar ya wahalar da aljihunsa, ya sayi wanda ba ya kwancewa ya fi arha nesa ba kusa ba. Wanda kuma ba ya haƙuri da noti da giris shi ma ya haƙura, fenti zai kuje ko ya ka naɗe shi, namu ya samu tabo uku a tafiya ɗaya. Ni dai ba zan sayar ba. Habibu ya riga ya fara maganar Abha bayan sallah, nace masa can hawa ne ba irin Ahsa ba, yace ai shi ne injin ni direba ne kawai, in dai tanadi sifana ta biyu in ɗaure ta a cikin akwatin.